Jirgin Haya da Sakatariyar da Ta Kai Ostareliya

In muka tashi saka matuƙin jirgi a labari, mun saba mu mai da shi ɗan attajiri ko hafsan soja. Tarihin ƙananan jirage ya nuna wani mutum na uku, wato mai ɗan albashi da ke biyan kuɗin awa guda a jirgin da ba nasa ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, gwamnatin Birtaniya ta so a samu fararen hula da suka iya tuƙi, don ko yaƙi zai dawo. Matsalar ita ce jiragen da yaƙin ya bari manya ne, masu shan mai. A Fabrairun 1925 Geoffrey de Havilland ya tashi da wani ɗan ƙaramin jirgi mai suna Moth. Katako ne da yadi, kujera biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, injinsa kuma an haɗa shi ne da rabin wani tsohon injin Renault na lokacin yaƙi. Fukafukansa ma naɗewa suke yi, har a ja shi da mota a kai shi rumfa. (A Nuwambar shekarar ne jiragen sojan Birtaniya uku suka fara sauka a Kano, su ma ƙirar De Havilland, sai dai na yaƙi.)

Duk arhar Moth, ya fi ƙarfin ma'aikaci. Dabarar da ta yi aiki ita ce ta kulob. Gwamnati ta tallafa wa kulob biyar, ciki har da na Landan da na Newcastle, suka mallaki jiragen. Mamba ya biya kuɗin shekara, sannan ya biya na kowace awa da ya tashi, da malami ko shi kaɗai. Gyara da ajiya da albashin makaniki duk suna wuyan kulob. A ganinmu wannan tsari ya fi jirgin kansa muhimmanci, don shi ya mai da tashi sama abin da ake saye kaɗan-kaɗan.

Ta nan Amy Johnson ta shigo. Sakatariya ce a ofishin wani lauya a Landan. A 1928 ta shiga kulob ɗin da ke filin Stag Lane, tana yankar kuɗin darasi daga albashinta, tana bin layi, don jirage kaɗan ne, masu so da yawa, ga hazon Ingila da ke iya cinye ranar hutu sukutum. Ta riƙa shiga rumfar makanikai tana koyon inji. A 1929 ta samu lasisin tuƙi, ta kuma zama macen Birtaniya ta farko da ta samu lasisin gyaran jirgi.

Sai bayan nan ta mallaki nata, shi ma na hannu, da taimakon mahaifinta da attajirin mai Lord Wakefield. Ta raɗa masa suna Jason. Ranar 5 ga Mayu 1930 ta tashi daga Croydon ita kaɗai, ranar 24 ga wata ta sauka a Darwin, tafiyar kimanin mil 11,000.

Har yau galibin masu koyo a jirgin haya suke farawa, kamar Cessna 172, ana lissafa musu da agogon da ke ƙirga aikin inji. Jason kuwa yana rataye a gidan tarihin kimiyya na Landan.