Matar da ba ta shan giya, da sirrin ƙwaƙwalwar mashaya

A shekarar 1881, likitan Jamus Carl Wernicke ya wallafa bayanin majinyata uku da suka rasu da alamu iri ɗaya: ruɗewar hankali, shanyewar jijiyoyin ido, da tangaɗi wajen tafiya. Da ya duba ƙwaƙwalwarsu, sai ya tarar da ɗigo-ɗigon jini a tsakiyarta. Biyu daga cikinsu maza ne da suka daɗe suna shan barasa. Ta ukun kuwa matashiya ce da ta sha ruwan asid, cikinta ya lalace, ta yi ta amai har ta rasu. Amsar tana tare da wannan mata, amma sai da aka shafe fiye da shekara hamsin kafin a gane hakan.

Daga 1887, Sergei Korsakoff a birnin Mosko ya bayyana abin da ke samun mashayan da suka rayu. Mutum zai yi hira lafiya lau, amma ba zai iya tuna abin da ya faru minti biyar da suka wuce ba. In aka tambaye shi, sai ya cike gurbin da labarin da bai taɓa faruwa ba, kuma ba da niyyar ƙarya ba, domin shi kansa ya gaskata shi. Likitocin zamanin sun ɗauka dafin barasa ne kawai.

Bakin zaren ya fito ne daga wani wuri dabam. A tsibirin Jawa, Christiaan Eijkman ɗan ƙasar Holan ya lura a shekarun 1890 cewa kajin da ake ciyarwa da gogaggiyar shinkafa suna shanyewa, kuma dusar shinkafar tana warkar da su. Sinadarin da ke cikin dusar shi ne tiyamin, wato bitamin B1, wanda aka iya haɗawa a ɗakin gwaji a 1936. Sai kuma a 1947 likitoci biyu, de Wardener da Lennox, suka ba da rahoton fursunonin yaƙi 52 a Singafo da suka kamu da ciwon Wernicke. Yunwa ce ta kama su, babu ɗigon giya.

Daga nan lamarin ya fito fili. Ƙwaƙwalwa ba ta iya sarrafa sukari ta samu kuzari sai da tiyamin, jiki kuma ba ya ajiye abin da ya wuce na makonni kaɗan. Mashayi ba ya cin abinci sosai, barasa tana hana hanji tsotse sinadarin, hantar da ta lalace kuma ba ta iya adana shi. Sassan da suka fi jin jiki, irin su talamus, su ne hanyar da sabon tunani ke bi kafin ya zauna. Wannan bai wanke barasa ba: ita kanta tana ƙanƙantar da ƙwaƙwalwa, musamman sashen goshi mai kula da tsara al'amura da kame kai, kodayake wani ɓangare yakan farfaɗo in an daina sha.

Abin takaicin shi ne sanin magani bai sa an riƙa gane ciwon ba. A shekarun 1980, Clive Harper a Ostireliya ya binciki gawarwaki, ya gano cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na masu wannan ciwo ba a gane shi ba suna raye, domin an ɗauki ruɗewarsu a matsayin maye. A 1991 ƙasar ta wajabta sanya tiyamin a cikin fulawar burodi.