Ƙwaron Hatsi: Yadda Aka Yi Kusan Shekara 200 Ana Kiran Biyu Da Sunan Ɗaya

Idan bazara ta kawo jiki, kakata takan sa a ɗebo dawa daga rumbu a shanya a kan tabarma tsakar gida. Rana na fara dukan hatsin sai ka ga wasu 'yan baƙaƙen ƙwari suna fitowa daga ƙarƙashi, suna tafiya a natse zuwa bakin tabarma suna neman inuwa, kaji kuwa na jiran su a can. Mu yara mukan tsinci ɗaya mu ɗora a tafin hannu. Da ka taɓa shi sai ya naɗe ƙafafu ya yi lamo kamar ya mutu, in ka ƙyale shi ɗan lokaci ya miƙe ya ci gaba da tafiyarsa. Sunansa a wurinmu ƙwaron hatsi, shi ke nan. Sai da na girma na tarar cewa masana ilimin rarraba halittu sun shafe daga 1763 zuwa 1961 suna kai-komo a kan wannan ɗan tahaliki, kafin su daidaita a kan ko shi wane ne, kuma su nawa ne.

Duk wanda ya sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma zai ga abin da ido bai nuna masa ba. Tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 da 'yan kai ba, wato ko rabin ƙwayar shinkafa sau da yawa bai kai ba. Launinsa tsakanin baƙi da ja mai duhu. Kansa ya zarce gaba ya zama wani siririn bututu mai ɗan lanƙwasa, wanda mutane ke ɗauka hanci ne ko tsinken tsotso irin na sauro. Ba haka ba ne. A can ƙarshen bututun akwai muƙamuƙai guda biyu masu kaifi, da su yake gutsurar hatsi, yana huda shi kamar yadda kafinta ke huda katako. Daga gindin bututun wasu 'yan ƙahonni biyu na shinshina suka fito, kowanne ya karye a tsakiya kamar gwiwar hannu, ya ƙare da ɗan dunƙule. Gadon bayansa na gaba cike yake da ƙananan ramuka zagayayyu, sai ka ce an tsattsaga shi da bakin allura. Fuka-fukansa na sama sun taurare sun zama murfi, kuma a kan murfin akwai ɗigo huɗu masu launin ja-ja ko rawaya, biyu a kowane ɓangare. Bututun namiji ya fi gajarta da kaushi, na mace ya fi tsawo da santsi, domin ita ce mai babban aiki da shi.

Aikin kuwa shi ne wannan. Takan huda ƙwayar hatsi, ta juya ta saka ƙwai ɗaya a ramin, sannan ta toshe bakin da wani ruwa mai danƙo wanda yake bushewa ya saje da jikin ƙwayar. Mai saye a kasuwa zai damƙi dawar ya duba ya ga lafiya lau, alhali ɓarawo na ciki. Tsutsar da ke ƙyanƙyashewa fara ce, gajeriya, ba ta da ƙafa ko ɗaya, don ba ta da inda za ta. A cikin ƙwayar take ci, take sāɓa, har ta rikiɗe ta zama cikakken ƙwaro, wanda zai huda hanyarsa ya fito ya bar ɓawo da gari. A yanayin zafi irin namu duk wannan bai fi wata ɗaya da 'yan kwanaki ba, kuma mace ɗaya tana iya saka ƙwai fiye da 100 a rayuwarta. Wanda ya taɓa buɗe buhun masara bayan wata biyar ya ji ɗumi na tashi daga ciki, ya ga gari na zuba ta ƙasa, ya san ƙarshen wannan lissafi.

Rumawan dā suna kiran ƙwaron da ke cinye musu alkama curculio. Har wani marubucin wasan kwaikwayonsu, Plautus, ya raɗa wa wani ɗan ci-ma-zaune wannan suna a cikin wasansa. Da masanin nan na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya zo tsara sunayen halittu a 1758, sai ya ɗauki kalmar ya mai da ita sunan gida ɗaya, ya zuba ƙwari masu dogon baki da ya sani a ciki, waɗanda a lokacin ba su kai 100 ba. A cikinsu akwai Curculio granarius, ƙwaron rumbun Turai. Shekara biyar bayan haka, a 1763, ya ƙara da wani da aka samu a shinkafa, shi ne wanda ake rubuta sunansa oryzae a yau.

Na rumbun Turai bai taɓa ba kowa wahalar ganewa ba. Jikinsa na sheƙi, ba shi da ɗigon nan huɗu, ramukan bayansa dogaye ne ba zagayayyu ba, kuma ba shi da fuka-fukan tashi sam. Ya daɗe da jingina rayuwarsa ga ɗan Adam, ba a samun sa sai inda mutum ya tara hatsi, kuma a cikin kayan mutane yake tafiya daga ƙasa zuwa ƙasa. An tono gawarwakinsa a cikin hatsin da aka binne a kaburburan Masar fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Ya fi son ƙasashe masu sanyi, shi ya sa ba shi ne ke damun rumbunanmu ba. Rigimar duk a kan mai ɗigo huɗu take.

Kafin ma a kai ga rigimar jinsi, sai da aka yi ta sunan gida. Gidan Curculio ya cika ya batse yayin da matafiya ke ta kawo sababbin ƙwari daga ko'ina, dole aka fara raba shi. A 1798 aka ware ƙwarin hatsin nan da wasu 'yan'uwansu ƙarƙashin sunan Calandra. A 1838 kuma Carl Johan Schoenherr, wani ɗan Suwidin mai masaƙar siliki wanda ya ƙarar da rabin rayuwarsa a kan ƙwari masu dogon baki, ya ba su sunan Sitophilus, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar mai son hatsi. Sunayen biyu suka yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa fiye da ƙarni guda, sai a 1959 hukumar duniya mai kula da sunayen dabbobi ta soke Calandra ta tabbatar da Sitophilus. Shi ya sa ɗalibin da ya buɗe tsofaffin rahotannin aikin gona na zamanin Turawa zai riƙa cin karo da Calandra, ya zaci wani ƙwaro ne dabam.

A 1855 wani hafsan sojan Rasha mai tara ƙwari, Victor Motschulsky, ya duba waɗanda aka samu a cikin masara, ya ga sun ɗan fi na shinkafa girma, ya ba su sunan zeamais, daga sunan masara a Latin. Kusan babu wanda ya bi shi. Kuma ban ga laifin waɗanda suka ƙi ba, domin hujjar girma hujja ce mai rauni a wannan gida. Tsutsa ba ta fita daga ƙwayar da aka haife ta, saboda haka girman ƙwaro yana bin girman abincinsa: wanda ya tashi a ƙwayar masara zai fito ƙato, ɗan'uwansa da ya tashi a ƙwayar dawa ya fito ƙarami. Launi ma haka, ɗigon wani ya fito sarai, na wani ya dushe. Masana suka ce ai duk abu ɗaya ne, sunan Motschulsky ya kwanta a cikin littattafai fiye da shekara 100.

Amma masu kiwon ƙwarin a kwalabe domin gwaji sun yi ta ganin abin da bai dace da wannan hukunci ba. A Japan, a 1928, wani masani mai suna Takahashi ya ware ƙaramin ya ba shi sabon suna, sasakii. A 1944 mutum biyu da ke nesa da juna, Birch a Ostareliya da Richards a Ingila, kowanne ya wallafa cewa abin da ake kira oryzae iri biyu ne, babba da ƙarami, kuma bambancin yana nan ko da an ciyar da su hatsi iri ɗaya. Ƙaramin ya fi yabanya a alkama, babban a masara. Aka shiga kiran su babban iri da ƙaramin iri, ana jin nauyin a ce jinsi biyu ne. A 1959 Floyd da Newsom a jihar Luwiziyana ta Amurka suka haɗa su aure suka ga zuri'a ba ta ɗorewa, suka ce lallai jinsi biyu ne. Sai dai wajen raba suna suka ba babban oryzae, suka bar wa ƙaramin sasakii.

Wanda ya warware ƙullin shi ne Guillermo Kuschel, haifaffen ƙasar Cile wanda daga baya ya koma Niyu Zilan da zama. Ya yi abin da ka'idar wannan ilimi ta tanada: suna yana bin ainihin ƙwaron da mai raɗa sunan ya riƙe a hannunsa ranar da ya raɗa shi. Ya koma kan tsofaffin samfuran da aka adana da bayanan farko, ya tabbatar a 1961 cewa wanda Linnaeus ya kira na shinkafa shi ne ƙaramin. Ke nan sasakii maimaici ne, dole ya faɗi. Babban kuwa yana da sunansa tun 1855, sunan da hafsan Rasha ya ba shi. Daga ranar aka sami Sitophilus oryzae da Sitophilus zeamais, kowa da gidansa.

Kama da wane ba wane ba ne, amma wannan kamar ta kai inda ido ba ya raba ta. Har yau masanin da ke son tabbaci sai ya jiƙa ƙwaron, ya buɗe cikinsa da bakin allura, ya ciro gaɓar barbarar namiji. Ta zeamais tana da kwari biyu a tsaye a bayanta, ta oryzae kuwa sumul take. A jikin mace akwai wani ɗan ƙashi mai reshe biyu kamar gwafa, wanda rassansa ke da tsini a zeamais, suke da dunƙulallen baki a oryzae. Halstead a Ingila ya tsara waɗannan alamomi a 1963 don amfanin masu binciken rumbuna, kuma a 1996 gwajin ƙwayoyin gado ya zo ya gaskata abin da allura ta riga ta nuna.

Wani zai ce wannan duk wasan malamai ne, manomi ina ruwansa da gaɓar ƙwaro. Ni ban yarda ba. Halin biyun ba ɗaya ba ne. Zeamais gwanin tashi ne, yakan bar rumbu ya tafi gona ya shiga masara tun tana tsaye, musamman wadda bakin rigarta ya buɗe, sai manomi ya kwaso shi da hannunsa ranar girbi ya kai shi sabon rumbu. Oryzae bai cika tashi ba, ya fi zama a sito da kanti da buhun shinkafa da alkama. Wanda abokin gabarsa na farkon ne, share rumbu kaɗai ba zai fisshe shi ba, sai ya haɗa da girbi a kan kari, da shanya sosai, da nisanta tsohon hatsi daga gona. Ga kuma asarar da ruɗanin ya jawo wa ilimin kansa. Gwaje-gwaje masu yawa da aka yi kafin 1961 a kan zafi da laima da magani an rubuta su ne da suna ɗaya, mai karatu a yau sai ya yi ta lalube kafin ya gane wanne daga cikin biyun aka gwada. Aikin mutane na shekaru ya rage daraja saboda suna bai zauna ba, kuma wannan yana ba ni takaici.

Mu ma muna da namu haɗin gambizar. Ƙwaron wake, wanda ke mai da buhun wake gari kafin damina, ba ɗan wannan dangi ba ne ko kaɗan. Ka dube shi: ba shi da dogon baki, jikinsa a dunƙule, ƙahonninsa ba su karye ba, kuma macensa a kan fatar wake take manna ƙwai, shi ne fararen ɗigon da ake gani. Sunansa Callosobruchus maculatus, danginsa su ne ƙwari masu cin ganye. 'Yan'uwan ƙwaron hatsi na jini suna wani wurin da ba a zato: ƙaton ƙwaron da ke huda kwakwar manja a kudancin Nijeriya, wanda ake cin tsutsarsa, da wanda ke cin gindin ayaba. Babban dangin kuwa, wanda Linnaeus ya fara da ƙasa da 100, an ƙidaya jinsi kusan 62,000 a cikinsa a 2007. Akwai ma ɗan gidan Sitophilus ɗin kansa da ba ya kula hatsi, linearis, wanda ke rayuwa a cikin ƙwallon tsamiya. Uwargidan da ta fasa tsohon curin tsamiya za ta dama kunu ta ga ƙwallayen sun huhhuje, aikinsa ne.

Wannan na tsamiya yana nuna inda gidan ya fito. Kafin mutum ya fara noma, kakanninsu a cikin 'ya'yan itatuwa masu tauri suke rayuwa a dazuzzukan Asiya, kuma har yanzu akwai 'yan gidan da ba su bar daji ba. A 2011 Hiroki Obata na Jami'ar Kumamoto da abokan aikinsa suka ba da labarin wasu tsingaro na tukwanen ƙasa da aka tono a tsibirin Tanegashima da ke kudancin Japan, masu shekara kusan 10,500. A jikin yumɓun akwai 'yan ramuka. Da suka zuba roba a ciki suka ciro, suka sa a ƙarƙashin madubi, sai ga siffar zeamais, da dogon bakinsa da ramukan bayansa. Ƙwarin sun maƙale ne a cikin laka lokacin da magina ke gina tukwanen, wuta ta cinye jikinsu ta bar gurbinsu. A wancan zamani ba a fara noman shinkafa a Japan ba, masara kuwa ba a riga an mai da ita amfanin gona a Meziko ba. Abin da mutanen tsibirin ke tarawa a ɗakunansu 'ya'yan itatuwan daji ne, kuma ana kyautata zaton a cikinsu ne wannan ƙwaro mai sunan masara yake saka ƙwansa.