Albarushi da Dalma: Bindigar Maharbi a Ƙasar Damagaram

A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, Damagaram ta yi suna a ƙasar Sudan wajen bindiga. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ya tara bindigogi kusan 6,000 da igwa wajen 40, wasu daga cikinsu ƙirar maƙeran Zinder. Ayarin Turabulus ke kawo makamai, a gida kuma ana haɗa albarushi. Sai dai yawancin makaman nan na fada ne, a hannun dakarun sarki suke. Maharbin ƙauye ya daɗe yana dogara ga baka da kibiya mai dafi.

Wanda ya mallaki bindigar toka kuwa, ba faɗin bakinta ne abin zaɓinsa ba, domin abin da ya samu a kasuwa shi yake saye. Gwanintarsa tana wajen ɗuri. Ta baki ake zuba albarushi, a danna tsumma, sannan a sa abin harbi. Zabo da gada, ƙananan gutsattsarin ƙarfe sun ishe su. Barewa da gwanki sai dunƙulen dalma guda. Masu neman giwa a dazukan kudu kuma sango mai dafi suke cusawa a bakin bindiga. In albarushi ya yi kaɗan, dabba ta tsere da rauni. In ya yi yawa, ƙarfen ya fashe a hannun mai shi. Harbi ɗaya ne rabonsa, don haka dole ya san iska, ya iya sanɗa, ya matso kusa. Wannan iyaka ita ta bar wa namun daji hanyar tsira, ko a lokacin da fataken Turabulus ke neman gashin jimina ido rufe.

A Tirmini, cikin Yulin 1899, rundunar Sarki Amadu Kuran Daga ta gamu da bindigogin Faransa masu cin harsashi ta baya, masu dogon zango, aka ci ta. Irin makaman nan, haɗe da mota da farin shekarun 1970 da 1980, su suka share dajin arewa. A 2000 aka bayyana cewa mariri ya ƙare a daji ko'ina a duniya. A 2012 Nijar ta keɓe yankin Termit da Tin Tumma domin kare abin da ya saura.