Hannatu: Sunan da ya biyo hanya biyu zuwa Gomari

A Gomari, unguwar da ke kusa da filin jirgin saman Maiduguri, Kanuri da Hausawa da Babur da Margi suna zaune gida kusa da gida. In aka tsaya bakin layi aka ƙwala kiran Hannatu, ana iya samun wadda za ta amsa daga gidan liman, wata kuma daga gidan fasto. Kowane gida yana ɗaukar sunan nasa ne na gado. To, na wane ne?

Asalinsa dai Ibrananci ne, Hannah, ma'anarsa alheri ko tagomashi. A Littafi Mai Tsarki, ita ce matar Elkana, wadda ta daɗe ba ta haihu ba, kishiyarta Feninna tana yi mata gori. Ta je Shilo ta yi kuka gaban Ubangiji, ta yi alkawarin in ta sami ɗa za ta ba da shi ga hidimar Allah. Ta haifi Sama'ila. Wannan ya isa ya bayyana Hannatun gidan fasto, musamman a kudancin Borno, inda mishan ta bazu bayan ta kafu a Garkida a 1923, har cocin EYN ta fito daga cikinta.

Ta gidan liman ce ke da wuyar warwara, domin sunan ba ya cikin Alƙur'ani. Aya ta 35 ta Suratu Ali Imrana ta ambaci mahaifiyar Nana Maryam ne a matsayin matar Imrana kawai. Malaman tafsiri, irin su Ɗabari da Ibn Kasir, su ne suka ce sunanta Hanna. Kafin su, wani littafin Kiristoci na ƙarni na 2 da ake dangantawa da Yakubu ya riga ya kira ta da wannan suna. Abin da ke taɓa zuciyata shi ne kamannin labaran biyu: mata ne da suka daɗe suna jiran haihuwa, kowacce ta yi bakancen abin da za ta haifa ga Allah.

Shaidar da ta raba gardama tana wutsiyar sunan. Wannan "-tu" babu shi a Ibrananci, babu shi a Turanci, inda sunan ya zama Hannah ko Anne. Karatun Larabci ne, irin wanda ya ba mu Aminatu da Hafsatu. Ke nan ta littattafan malamai sunan ya shigo Hausa. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, masu fassara sun bi wannan salo, shi ya sa ake da Saratu da Rifkatu a coci. Yau Musulma irin Hannatu Musa Musawa, da aka naɗa minista a 2023, tana ɗauke da shi, a gida kuma ana taƙaita shi zuwa Hanne.

Maiduguri ta sha wuya a hannun masu raba mutane da sunan addini. Ina ganin ya kamata iyayen Gomari, ranar raɗin suna, su gaya wa 'ya'yansu cewa Hannatun maƙwabta takwara ce ta gaskiya, kuma ba wanda ya ari sunan daga wani.