Ma'aunin McCabe na sarƙaƙiyar manhaja

A 1976 ne Ba'amurke Thomas McCabe ya fito da hanyar auna sarƙaƙiyar umarnin kwamfuta: a ƙirga kowace mararraba a sashen aiki guda, wato inda aka ce "idan kaza, a yi kaza", a ƙara ɗaya. Jimillar ita ce yawan hanyoyin da ya wajaba a gwada, kuma ya ce kada ta wuce 10.

Yanzu manhajoji irin su Checkstyle ke ƙidayar ba tare da an kunna shirin ba, suna kuma gargaɗi idan sashe ya haura layi 150.

A shari'ar hatsarin motar Toyota da ya halaka wata mata, ƙwararre Michael Barr ya shaida wa kotun Oklahoma a 2013 cewa sashen lissafin totur ya kai 146.