Bashin Karatun Ɗaliban Lafiya: Da Can da Aiki Ake Biya

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a bi ni har ƙarshe.

Ranar Asabar na je gida Batsari, sai ɗiyar yayata da ke karatun aikin jinya a jami'a ta miƙo mini wayarta, ta buɗe shafin NELFUND. Ta ce, "Kawu, in cike ko in bari?" Na ce ki cike mana, ai babu ruwa a ciki. Sai ta ce, "To Kawu, in na gama aka turo ni ƙauyukanmu na bakin Rugu, ni da wadda ta haye jirgi ta tafi Saudiyya, bashi ɗaya za mu biya?" Wallahi shiru na yi. Tun da na dawo Katsina tambayar take cina, har ta sa na koma ga tarihi, don in ga yadda magabata suka yi da wannan lissafi.

A zamanin En'e, ba a san wani abu wai shi bashin karatu ba. Tun shekarun 1930 akwai makarantar duba-gari a Kano da ta harhaɗa magunguna a Zariya. En'e ce ke zaɓo yaro, ta tura shi, ta ciyar da shi, in ya gama ya dawo ta ajiye shi a ɗakin shan magani na gunduma. Bayan an kafa gwamnatin Jihar Arewa, Sardauna ya faɗaɗa abin da tallafin karatu har zuwa ƙasashen waje, amma da sharaɗi: ka sa hannu cewa za ka dawo ka yi wa gwamnati aiki na wasu shekaru. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Dalili a fili yake. Likitan farko ɗan Arewa, Dokta R. A. B. Dikko na Wusasa, sai da ya je Birmingham kafin ya samu karatun, kuma jami'ar Ahmadu Bello ba ta fara horar da likitoci ba sai 1967. Mutanen ƙalilan ne, don haka duk wanda aka kashe wa kuɗi, aikinsa ake so, babu mai tambayarsa sisin kwabo.

Bashi ya shigo ne a 1972, lokacin Janar Gowon, da aka kafa hukumar ba ɗalibai rance. Ba ta yi ƙarko ba. Da yawa daga waɗanda suka karɓa sun ɗauke shi rabonsu na arzikin mai, ba su biya ba, ita ma hukumar ba ta da hanyar bin sawunsu. A 1993 aka yi dokar Bankin Ilimi, shi kuma a takarda ya ƙare. A tsakanin nan tsarin SAP na 1986 ya karya darajar albashi, likitocinmu suka fara kwarara Saudiyya da Ingila da Amurka, har sai da gwamnatin Babangida ta kafa kwamiti a 1988 kan hijirar masana. Kun ga ke nan, tun a wancan lokaci igiyar da ta ɗaure kuɗin karatu da wurin aiki ta tsinke.

Na yanzu kowa ya sani. Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar a watan Yunin 2023, aka sake ta a Afrilun 2024, aka buɗe shafin neman bashin a watan Mayu. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, ana ba ɗalibi Naira 20,000 a wata, babu ruwa, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Gaskiya ɗaya ce, abin ya taimaki 'ya'yan talakawa, ni shaida ne a cikin dangina. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne.

To amma a zo a yi lissafi. Mai digirin shekara huɗu, in ya karɓi 20,000 kowane wata, ya ci 960,000. Ɗalibin jinya shekara biyar ne, 1,200,000. Ɗalibin likita shekara shida, 1,440,000, in ma ba a yi yajin aiki ba. Ba a sa kuɗin makaranta ba, wanda nasu ya fi na sauran tsada. Ga kayan aiki, ga littattafai, ga kuɗin mota zuwa asibiti, ga kwanan ɗakin marasa lafiya lokacin da abokansu ke hutu ko suna 'yar sana'a. Tun suna ɗalibai suke yi wa al'umma aiki, amma su ne za su fita da bashi mafi nauyi.

Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi damuna shi ne tambayar ɗiyata. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekaru biyar. Waɗanda suka rage kuma akasarinsu suna manyan birane. Mu mutanen Batsari da Safana ba sai an ba mu labari ba. A shekarun da 'yan bindiga suka matsa mana, ma'aikatan lafiya nawa suka nemi canjin wurin aiki daga Wagini da Ruma da Runka da Zakka? Wa zai ga laifinsu? Mace ta fara naƙuda da dare, hanya ba ta biyuwa, sai a jira gari ya waye a nufi Katsina ko Dutsin-Ma. Ungozomar da ta daure ta zauna a irin wannan wuri, dokar bashin ba ta san da zamanta ba. Abin da za a cire mata shi za a cire wa mai aiki a Maitama.

A 2023 wani ɗan majalisar wakilai daga Legas, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudurin hana likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar yana aiki a gida. Likitoci suka yi caa, kuma ina ganin suna da hujja, don tilas ba ta zaunar da mutum. Wasu ƙasashe ta wata hanya suka bi. A Amurka tun shekarun 1970 akwai shirin da ke ɗauke wa ma'aikacin lafiya nauyin karatu in ya yarda ya yi aiki inda babu likita. Ingila kuwa ta soke tallafin ɗaliban jinya a 2017 ta mayar da su kan bashi, masu neman karatun suka ragu, a 2020 ta dawo da kyautar fam 5,000 a shekara.

Mu ma nan Katsina ba baƙi ba ne a wannan. Shirin Women for Health da ya fara a 2012 ya ɗebo 'yan mata daga ƙauyuka, ya shirya su shiga makarantun jinya da ungozoma irin ta Malumfashi, don su koma garuruwansu. Gwamna Dikko Radda ma ya tura ɗalibai 41 Masar karatun likita. Abin a yaba ne, amma 41 a jiha mai ƙananan hukumomi 34 fa?

Shawarata ita ce a mayar da tsohuwar igiyar. Duk ɗalibin lafiya da ya ci bashin NELFUND, in ya yi shekara ɗaya cur a asibitin karkara, gwamnatin jiha ta biya masa bashin shekara ɗaya. Ya yi biyar, ya fita fes. Wanda ya zaɓi birni ko ƙasar waje, Allah Ya ba da sa'a, ya biya da aljihunsa. Babu wanda aka tilasta, babu wanda aka zalunta.

Na san wani zai ce, to malaman makaranta fa? Gaskiyarka, su ma sun cancanta, a fara da lafiya a kai kansu. Wani kuma zai ce za a yi coge, suna a Safana mutum a Katsina. A matsayina na ma'aikacin gwamnati na san wannan ba ƙarya ba ce. Maganinta shi ne kada a yafe ko kwabo sai mai gari da kwamitin lafiya na mazaɓa sun shaida cewa a nan mutum yake kwana yake tashi.

Ɗiyata dai ta cike. Na ce mata ta yi karatunta, mu kuma manya za mu yi ta magana har a ji. Wanda ke da ɗan majalisa a kusa, don Allah ya tura masa wannan. Ma'aikatan lafiya da ke cikinku kuma ina so in ji daga bakinku: in an yafe bashin, za ku zauna a ƙauye?

Allah Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya sa mu dace.