Daga Gwarinpa Zuwa Tsohuwar Abuja A Kan Keke

Yau dai labarin wata tafiya da na yi a kan keke zan ba ku, da abin da tafiyar ta tono mini na tarihi, wanda ni kaina ban san yana kwance a bakin ƙofarmu ba.

Ni dai a Zariya aka haife ni, amma tun ina firamare Baba ya kwaso mu zuwa Abuja saboda shagonsa na kwanon rufi da ƙusa da ke kasuwar Dei-Dei. A Gwarinpa muke haya. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san maganar nan da ake yawan yi, wai Abuja ba ta kowa ba ce, kowa baƙo ne. In na je Zariya da Sallah a ce ga ɗan Abuja ya zo, in na dawo nan kuma a cike takarda a tambaye ni jihata ta asali. Abin yana damuna, ko da yake ban cika faɗa ba.

Wata rana a shago wani dattijo abokin cinikin Baba ya ji na ce mu Zage-zagi baƙi ne a nan, sai ya yi dariya ya ce, "Yaro, je ka Suleja ka tambayi sarautar sarkinsu, ka dawo ka ba ni labari." Maganar ta tsaya mini a rai. Ina da wani keken tsere na gwanjo mai giya da na saya da kuɗin da nake tarawa, sai na ƙudurta ranar Lahadi, da yake ba ma buɗe shago, zan taka shi har can. Tafiyar kusan kilomita 40 ce. Inna ta ce ban da hankali, Baba kuwa cewa ya yi kawai in riƙe gefen titi.

Ana idar da sallar Asuba na fita. Na bi ƙaramin titin gefe na babbar hanyar Kubwa, wadda sunanta na hukuma hanyar Murtala Muhammad. Duwatsun Dawaki suna hannun dama, hazo bai gama sauka daga kansu ba. Wanda yake cikin mota ba zai taɓa sanin cewa hanyar nan hawa da gangara ce ba, sai mai keke, don cinyarsa ce take gaya masa. Ka sauke giya ka yi ta nishi har ka kai kan tudu, sannan ka saki feda iska ta yi ta kaɗa maka riga. Na wuce mahaɗar Dutse, na wuce Kubwa da Dei-Dei, rana na ɗagowa ina shiga Zuba.

To a nan tarihin ya fara. Yawancinmu tashar mota da kasuwar kayan marmari kawai muka sani a Zuba. Amma nan ne Muhammadu Makau, Sarkin Zazzau na ƙarshe daga gidan Haɓe da ya zauna a birnin Zariya, ya sami mafaka. Lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Musa ya zo da tuta ya ci Zariya. Lissafin mutanen Abuja yana cewa 1804, masana tarihi da dama kuma suna cewa 1808. Labarin da ake bayarwa shi ne Makau yana filin Idi a bayan gari aka auka masa, bai sami komawa cikin birni ba, sai ya yi kudu da jama'arsa har ƙasar Koro da Gbagyi, wadda dama tana bin Zazzau. Daga Zuba ya ci gaba da yaƙe-yaƙe har aka kashe shi a wajen Lapai a 1825.

Na tsaya na sha ruwa ina lissafi. Mu a mota muke zuwa Zariya cikin 'yan sa'o'i kuma muna ƙorafin gajiya. Su kuwa da mata da yara da tsofaffi suka ratso dajin nan, a ƙafa da kan doki, ba su san inda za su kwana ba. Allah Sarki.

Daga Zuba na karya dama na hau hanyar Kaduna, na shiga Jihar Neja. Kafin ka ankara sai ga Dutsen Zuma ya tare maka gaba, baƙi ƙirin, da wannan zane mai kama da fuskar mutum a jikinsa. Shi ne a bayan takardar naira 100 da aka fitar a 1999. Na sha ganinsa ta tagar mota, amma a kan keke sai ka yi ta tafiya kamar ba ka matsawa, shi kuma yana ƙara girma.

A Madalla tayar baya ta yi faci. Na tura keken har rumfar wani tsoho mai gyara. Yana tsoma tib a ruwa yana neman inda kumfa ke fita ya tambaye ni daga ina. Na ce Gwarinpa. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗan samari, inda kuke kwana ɗin nan, doya da dawa muka sani a wurin." Bagbagyi ne, Hausarsa kuwa ta fi tawa. Na ce masa, "Baba, ai an ce Abuja ba ta kowa ba ce." Bai yi fushi ba. Ya ce in na koma in leƙa Kubwa in tambayi unguwar da ake kira Maitama, in kuma tambayi dalilin da ya sa akwai Sabon Wuse a Jihar Neja. Na biya shi na tafi, amma jikina ya yi sanyi.

Abin da yake nufi gaskiya ne. A 1975 gwamnatin Janar Murtala ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda don duba ko Legas za ta ci gaba da zama babban birni. Kwamitin ya zaɓi tsakiyar ƙasa, aka sa hannu a doka ta 6 ranar 3 ga Fabrairu 1976, kwana goma kacal kafin a kashe Murtala. An yanko kusan murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Ɗaya daga cikin hujjojin da aka bayar shi ne wurin ba na ɗaya daga cikin manyan ƙabilu uku ba ne. Amma akwai mutane a ciki: Gbagyi, Koro, Gade, Gwandara, Bassa, Ganagana, da gonakinsu da kaburburan kakanninsu. An tashi wasu ƙauyuka aka tsugunar da mutanensu a wurare irin su Kubwa da Sabon Wuse, sunayen garuruwansu kuma suka zama sunayen unguwannin masu kuɗi. Babangida ya dawo da gwamnati nan ranar 12 ga Disamba 1991, rukunin gidajen Gwarinpa kuma zamanin Abacha aka gina shi.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na shiga Suleja, ƙafafuna suna rawa. Na nufi ƙofar fada na tsaya daga nesa. Amsar tambayar dattijon nan ba ta da wuya, kowa a garin ya sani: Sarkin Zazzau Suleja. Wato sarautar da Makau ya fito da ita daga Zariya ba su taɓa ajiye ta ba, yau shekara fiye da 200.

Ƙanen Makau, Abubakar Jatau, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya gaje shi, ya kafa wannan gari kusa da kogin Iku a 1828, garin ya ci sunansa: Abuja. Masarautar ba ta taɓa shiga ƙarƙashin Sakkwato ba har Turawa suka zo a 1902. Bayan Abu Ja an yi Abu Kwaka, sannan Ibrahim wanda ake wa laƙabi da Dodon Gwari. Wannan laƙabi kaɗai ya isa ya gaya maka yadda Gbagyi suka ji a hannun mutanenmu, tun kafin a zo da wata doka ta 6. Ban ji daɗin gano haka ba, amma ba zan ɓoye shi ba.

Sarki na shida, Sulaimanu Barau, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina kuma ya yi mulki daga 1944 zuwa 1979, a zamaninsa aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birni, tare da babban yanki na ƙasar masarautar. Tsohon garin sai aka sa masa Suleja, daga sunan Sule. Ka ji gari ya ba da ƙasa, ya ba da suna, yau kuma da yawa daga cikin masu aiki a Abuja a nan suke kwana saboda tsadar haya, kullum da asuba suna cika motoci.

A wannan gari ne kuma Bature Michael Cardew ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali, Bagbagyiya daga Kwali, ta shiga a 1954 ta zama mace ta farko a wurin. Ta rasu a 1984. Duba takardar naira 20: Murtala a gaba, Ladi Kwali a baya tana gina tukunya. Wanda ya sa hannu aka yanki ƙasar da 'yar masu ƙasar, a takarda ɗaya, kuma mun yi shekaru muna ba da ita canji ba mu lura ba.

Komawa ban iya takawa ba, gaskiya. Bayan Azahar na ɗora keken a bayan wata motar haya zuwa Dei-Dei, daga nan na lallaɓa gida. Washegari dattijon ya zo shago ya ce, "To, ɗan Zazzau, baƙo ne kai ko ɗan gari?" Na ce masa, "Baba, na ga inda mutanenmu suka sauka, amma na ga waɗanda suka tarar a wurin." Ya gyaɗa kai ya ce to yanzu na fara karatu.

Shawarata ga 'yan uwana matasa da muke zaune a garin nan, mu daina cewa Abuja ba ta kowa ba ce, musamman a gaban masu ita. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu zan hau hanyar Bwari zuwa Ushafa, garin masu tukwane da Bill Clinton ya ziyarta a 2000. An ce hawan can ya fi wannan tsanani. Duk mai keke da ke son rakiya, ƙofa a buɗe take, amma ya zo da famfo da kayan faci.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Sai mun sake haɗuwa.